Ya-Danganta da Matakalar Inna

Ƙanena malamin jami'a ne, amma a gidanmu ba mai kiransa Dakta. Ya-Danganta muke ce masa. Tun yana ƙarami, in ka tambaye shi ko ya ƙoshi, sai ya dubi kwano, ya dubi rufin ɗaki, ya ce ya danganta. Da ya girma sai ya samu inda wannan ciwon nasa ya zama sana'a. Bincike yake yi kan yadda mutane ke yanke hukunci da abin da ke zaburar da su. Ya zauna da alƙalan kotu, ya bi likitoci ɗakin duba marasa lafiya, ya sha rana a bakin fili yana kallon alƙalan wasa. Mutumin da zaɓen hula ke cinye masa rabin safiya, wai shi ne masanin yanke shawara.

Ana nan sai Inna ta zame a matakala. Tun rasuwar Baba ita kaɗai take zaune a saman bene, gwiwoyinta kuma sun daɗe da yin murabus. Ba ta karye ba, amma likita ya ce faɗuwa ta gaba ba za ta zo da sauƙi ba. Gidana cike yake da yara kamar ajin firamare, nasa kuwa a ƙasa yake, ga ɗakuna. Saura shawo kan Inna ta koma can.

"Yaya, bar min," in ji shi. "Wannan fannina ne."

Ya ce ya lura alƙali ya fi sassauci in cikinsa a cike yake. Ya jira ta ci ta ƙoshi, ya gyara murya, yana ɗago kai ya tarar ta yi barci.

Ya dawo da dabarar da ya gani wurin likitoci, wai a ba mutum zaɓi biyu. "Inna, ɗakin gaba kike so ko na baya?"

"Wanda nake ciki," ta ce, ta ƙara sautin rediyo.

Sai ya ce alƙalin wasa kan karkata inda ihu ya fi yawa. Ya kwaso mu kaf, ni da matata da matarsa da jikoki. Inna ta ji daɗin taron sosai, ta sa muka wanke labule muka goge fanka.

Muna cikin aikin ta miƙe za ta shiga kicin, gwiwa ta ƙi, ta cafke ƙofa da hannu biyu. Da ta zauna sai ta yafito ƙanen nawa.

"Ka kawo min alƙali, ka kawo likita, ka kawo mai usur. Kai fa? So kake in zo, ko bakin mutane kake gudu?"

Na sunkuyar da kai, don na san amsar da ke tafe. Matarsa ta runtse ido.

"So nake, Inna," ya ce, ko rufin ɗaki bai duba ba. "Duk lokacin da wayata ta yi ƙara, sai gabana ya faɗi."

Inna ta dube shi. Sannan ta ce a sauko mata da akwati daga kan kabad, rediyo kuwa kada wanda ya taɓa, ita za ta riƙe abinta.

A mota murna ta ɗebe shi, ya waiwayo. "To Inna, na gaba ko na baya?"

"Ya danganta," in ji ta. "Wanne ya fi nisa da ɗakin karatunka?"