Kulocin Malam Baƙo da Surukinsa

Da na dawo Gwarzo bayan shekarun karatu, aka ba ni labarin motar da ke gaishe da mutane, ban yarda ba. Na ɗauka irin zolayar da ake yi wa wanda ya daɗe ba ya gida ce. Sai da na shiga motar da kaina.

Mai ita shi ne Malam Baƙo, direban haya tsakanin Gwarzo da Kabo, mutum mai nauyin baki. Otomatik ya saye ta, amma duk ranar da batir ya mutu ba ta turuwa, fasinjoji su watse. Sai ya sa aka cire giyar, aka mayar da ita manuwal, aka dasa mata kuloci.

Aka gama aiki, mota ta ƙi tashi. Ja'afar mai gyaran wayoyin mota ya duba ya ce ƙwaƙwalwarta ba ta san an yi sauyi ba, tana nan tana jiran tsohuwar giya ta gaya mata an yi fakin. Ya ja wayoyin ya haɗa su da kuloci, yadda in an taka za ta tashi. Ta kuwa tashi. Amma wayar hon ta shiga cikin haɗin. Duk sanda Baƙo ya taka kuloci zai sauya giya, sai hon ya yi kuka.

A bakin hanya mutane suka fara ɗaga hannu. Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne surukinsa, Alhaji Badaruddeen na Masanawa, da ke zama a ƙofar gida daidai wata kwana mai rami, inda dole a sauko giya. Tun auren 'yarsa Saudatu yake cewa Baƙo ba ya son mutane. Yanzu ga gaisuwa a tafiya, ga gaisuwa a dawowa. Har ya fara aika musu da gyaɗa.

Fasinjoji kam suka gaji. "Malam Baƙo, wai ɗaurin aure za mu?" in ji wata Hajiya ranar da na shiga. Baƙo ya koma wurin Ja'afar, aka raba wayoyin, mota ta yi shiru.

Ba a jima ba Saudatu ta dawo daga gidansu fuska a ɗaure.

"Malam, Baba ya ce a tambaye ka laifin da ya yi maka. Wai kana wucewa kamar ba ka san shi ba."

"Waya ce aka gyara."

"Na gaya masa. Ya ce shi ba da waya ya haɗa zuri'a ba."

Gyaɗa ta tsaya. Baƙo ya sake komawa gareji, ya roƙi Ja'afar ya mayar da kuskuren yadda yake. Ja'afar ya yini a ƙarƙashin sitiyari. Ya samu fitila ta kama da kuloci, ya samu waifa mai share gilashi ta kama, hon ya ƙi. Ya ce shi gyara ya koya, kuskure kuwa ba ya zuwa in an kira shi.

A can na same su, waifa tana ta share busasshen gilashi. Na ce, "Malam Baƙo, me zai hana in ka iso kwanar ka danna hon ɗin da hannunka?"

Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya daɗe a waje.

"Ni in danna wa surukina hon? Ai rashin kunya ke nan. Wancan mota ce take yi."