Benen da Yaya Ya Rushe

Yayana magini ne, kuma a duk gidanmu babu mai tsoron mutane kamarsa. Ka ɗora shi a kan tsani hawa uku, ko gezau. Amma a ce ya yi addu'ar rufewa a coci, sai gumi ya jiƙa masa riga, ya yi ta "Ya Uba, ya Uba" har wani ya ji tausayi ya ce amin. Abokan aikinsa suna kiransa Sai-Ya-Bushe, domin ba shi da wata amsa. Yaushe za a cire katako? Sai ya bushe. Yaushe za a hau? Sai ya bushe. Matarsa ta ce ko wanki ta shanya, idonsa na kai.

Yana da wata ɗabi'a da takan ba ni haushi. Duk ginin da ya shiga, sai ya zaro 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne. Wai kankare mai lafiya muryarsa daban take da ta mai ciwo. Har a gidan surukaina ya yi, ranar da aka fara kai ni.

Da ikilisiyarmu ta cika, aka yanke shawarar yin bene a cikin majami'a ta baya don yaran makarantar Lahadi su riƙa zama a sama. Yaya aka ba aikin. Ya zuba kankare, ya tokare shi da itatuwa ta ƙasa, ya ce sati uku kada kowa ya taɓa. To amma an riga an sa ranar keɓe benen ga Allah, an aika wa baƙi takarda. Shugaban kwamitin gini ya riƙa yi masa sintiri: mai fenti na jira, masu kujeru na jira. Yaya ba ya iya kallon babba ya ce a'a. A kwana na tara ya cire itatuwan da hannunsa.

Saura kwana takwas a keɓe, ranar Asabar da rana, ya same ni ina wanki a tsakar gida. Ya zauna a kan bokiti, bai ko gaishe ni ba.

"Auta, benen nan ba ya amsa mini."

"Da can hira kuke yi?"

"Na ƙwanƙwasa babban ginshiƙin da ke kwance. Ya yi ƙarar fanko. Akwai tsaga, mai fenti ya shafe ta bai sani ba."

"Wa ya sani?"

"Ni da Allah."

Ba zan ɓoye abin da na ce ba, ko da yake har yau ina jin kunyarsa. Na ce ya yi shiru. Na ce a bari baƙi su zo su tafi, daga baya ya lallaɓa ya gyara. Na tuna masa cewa magini sunansa ne abincinsa, in ya zubar da shi a gaban jama'a wa zai sake ba shi ko ginin bayan gida. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ranar keɓewar ai yara za a fara hawarwa su yi waƙa."

Ya je wurin shugaban kwamiti da yamma. Shugaba ya ce kunnensa ne ya tsufa, ginin ga shi nan tsaye kowa na gani.

Ranar Lahadi, ana gama sanarwa, sai na ga Yaya ya miƙe. Ya tafi gaba yana riƙe da benci bayan benci, ya tsaya kusa da Fasto. Muryarsa ta ƙi fita sau biyu.

"'Yan'uwa, na yi laifi," ya ce. "Na cire tokara kafin kankare ya kama. Na san bai kamata ba, tsoron mutum ne ya sa ni. Benen nan ba zai ɗauki yara ba. Kada kowa ya hau. Ku yafe mini."

Bai ambaci shugaba ba, ko kallonsa bai yi ba. Ni kuwa sunan yana kan harshena, da ƙyar na haɗiye shi.

Majami'a ta ruɗe. Wata ta ce ya kunyata ikilisiya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Sai-Ya-Bushe, ashe kai ma ba ka bushe ba!" Aka yi dariya, Yaya yana tsaye kansa a ƙasa. Fasto ya dafa kafaɗarsa, ya ce an ɗaga keɓewa, a sake aika wa baƙi.

Yaya bai sha da daɗi ba. Dattawa sun dakatar da shi daga aikin coci na wata shida. Mutum biyu da suka ba shi ginin gida suka janye, ya koma leburanci a ƙarƙashin waɗanda shi ya koya musu riƙe cokalin gini. Ban taɓa jin ya yi gunaguni ba, kuma ko Lahadi ɗaya bai fasa zuwa ba, yana zama a bencin ƙarshe.

Amma washegarin ranar da ya yi wannan furci, wato Litinin, ita ce ba na mantawa. Ya roƙa a bar shi ya rushe benen da kansa. Mutane suka taru a bakin ƙofa, rabinsu sun zo ne su ga ginin ya ƙi faɗuwa su sami abin faɗa. Ya kori kowa waje, ya hau tsani daga gefe, ya rufe ido leɓɓansa suna motsi, sa'an nan ya ɗaga babbar guduma.

A bugu na uku ginshiƙin ya rabe biyu. Rabin benen ya zubo a kan sababbin kujeru, ƙura ta fito ta tagogi. Matar da ta ce ya kunyata mu ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe baki.

Tagwayena suna cikin yaran da aka zaɓa su yi waƙar. An ce layin gaba za su tsaya, don su ne ƙanana. Yaya ya sauko fari fat da ƙura, ya ce in ba shi ruwa. Na kawo, amma na kasa riƙe kofin, shi ya karɓa daga hannuna.