Wayar Birki a Bakin Funtuwa

Da asuba muka tashi daga Tudun Wadar Zariya. Na ce "muka" don baki ya saba, amma ni kaɗai ne a gaban motar, sai buta da ƙullin goro a kujerar da mutumina yake zama. Shi mutumin Gabas ne, mai gyaran wutar mota, mun yi shekaru muna bin hanya tare a motar Alhaji. Mahaifinsa ya rasu, shi ne babba, dole ya koma gida gaba ɗaya. Jirgin ƙasan da zai hau zai bar Zariya ranar Alhamis bayan azahar, ni kuwa na yi masa alkawari da hannuna zan ɗora masa akwati. Ya zauna haɗa kaya, ni na ja gishiri da kananzir zuwa Gusau, mota cike, tirela cike.

Hanyar Giwa tana nan yadda kuka san ta, gargada kamar ana tankaɗen gari da mutum. An yi ruwan fari, manoma sun fito da fartanya, ƙasa tana ƙanshi. Na ga wani ya ɗora akuya a kan keke, ita a gaba shi a baya, na juya zan nuna wa mutumina, sai na ga buta. Daga nan ban ƙara juyawa ba har Tsafe. Can na ci tuwon dawa da miyar kuka wajen matar da muka saba. Ta zuba malmala biyu kafin ta ɗaga kai, da ta ga ni ɗaya ne ta mayar da guda cikin tukunya. Tuwon ya yi daɗi, amma ban iya cinyewa ba.

A Gusau zafi ya yi zafi, mangwaro kuma ya yi arha har awaki sun ƙoshi. Aka sauke kaya, aka loda mini fatu, warinsu kuwa sai wanda ya ɗauka. Ranar Alhamis tun da sassafe na juyo, lissafina kafin rana ta take ina Zariya.

A bakin Funtuwa ɗan sanda ya ɗaga hannu. Ya zagaya baya ya ce in taka birki. Na taka.

"Malam direba, danjar tirelarka ba ta kamawa."

Na sauko na duba. Akwai fulogi tsakanin mota da tirela, ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a bayan mota ya kai wa fitilun tirela wuta. Gargada ta fasa shi, ruwa ya shiga, cikinsa ya ƙone ƙurmus. Na ce, "Ranka ya daɗe, rana ce tsaka, wa zai nemi fitila?" Ya ce wanda zai biyo ni a baya shi zai nema. Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ba ni haushi. Ya ce in gyara in same shi can gindin rimi ya gani da idonsa.

Na shiga gari a ƙasa, na sami sabon fulogi a kantin wani ɗan ƙasar su mutumina. Hausarsu iri ɗaya, har yadda suke ce wa mace "shi". Na so in tsaya ya yi ta magana ina ji, sai dai rana ba ta jira na.

Ban taɓa canza abin nan da hannuna ba. Aikina in zauna a gaba in taka birki, shi yana baya ya ɗaga murya ya ce, "Ya kama, Malam!" Na yanke ƙonannen bakin, na feƙe wayoyin da wuƙa. Uku ne: ta fitilar baya, ta birki, da wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfe. Baƙin mai ya shafe su duka sun zama kala ɗaya. Na saka su yadda na ga dama, na ɗaure da sukudireba, na hau na taka birki. Sai na zauna ƙafata a kan birki, don babu mai gaya mini abin da ke faruwa a baya.

Na nemo dutse na danne birkin da shi, na taka har ƙarshen tirela. Ba komai. Na dawo na kwance, na sauya wayoyi, na sake komawa. Wannan karon fis ɗin wutar motar ya ƙone. Na sa wani. Haka na yi ta kai da kawo ni da dutse, gumi yana shiga mini ido, inuwar motar tana komawa ƙarƙashinta. Da na ji kiran sallar azahar daga cikin gari, na zauna a kan taya, wallahi sai da na yi ƙwalla. Na yi salla a gefen hanya, na sake sauya biyun da suka rage. Da na zagaya sai ga danja ta yi ja. Na kwarma ihu, "Ta kama!" Balbelu suka tashi daga bayan wasu shanu, su kaɗai suka ji.

Ɗan sanda ya gani ya sallame ni. Na ba motar wuta yadda ban taɓa yi da kayan Alhaji ba, ina fata ko jirgi ya makara, tunda ya saba. Na shigo Zariya ta Kwangila bayan la'asar, na wuce tashar jirgi kai tsaye da fatuna. Ranar bai makara ba. Masu shara ne kawai a dandamali.

Na koma Tudun Wada. Ɗakin mutumina a buɗe, an share. Tsohuwar da take sayar da ƙosai a ƙofar gidan ta kira ni.

"Ɗan nan, ya jira ka. A kan akwatinsa ya zauna bakin hanya, duk motar da ya ji sai ya miƙe."

"Inna, bai bar mini magana ba?"

"Ya bari. Sai da ya sa na maimaita don kada in manta. Ya ce fulogin tirela ba zai kai ƙarshen damina ba. In za ka canza, wayar da ya yi wa ƙulli ita ce ta birki."

Na tuna ƙullin. Yana jikin ƙonannen bakin da na yanke na jefar a Funtuwa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Yanzu na iya canza fulogi, na kuma gane aikin mutum biyu ne, ko da hannu ɗaya ya yi shi. Inna ta ce in maimaita saƙon ita ma ta ji ko na riƙe.