Ranar da Baban Kyaftin Ya Zo Kallo

Abubuwa da yawa na zaman da na yi a kwaleji a Wudil sun bi iska, har sunayen wasu malaman sai na yi da gaske nake tunowa. Amma akwai wata Asabar guda da ba na jin za ta fita daga raina har ƙasa ta rufe min ido. Ita ce ranar da mahaifin kyaftin ɗinmu ya zo kallon wasanta.

Kwalejinmu ƙarama ce, ba wadda ake jin sunanta a rediyo ba. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata kuwa ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba. Fili ɗaya ne a makarantar, na siminti, duk ya tsattsage, kuma sai maza sun gama sun gaji sannan su bar mana. Bayan la'asar muke fita da dogayen wandunanmu da ƙananan hijabai, mu share tsakuwa da kashin awaki kafin mu fara. Kocinmu wani dattijon malamin wasanni ne mai haƙuri, shi yake ɗinke ragar kwandon da hannunsa idan ta yage.

A cikinmu mutum biyu ne suka fita daban. Ɗaya 'yar gajeriya ce daga Indabo, mai saurin tsiya, wadda idan ta tsaya daga nesa ta saki ƙwallo sai dai ka ji ƙarar raga. Ɗayar ita ce kyaftin, 'yar Utai, doguwa siririya mai manyan tafukan hannu. Ba ta da yawan magana, a aji ma can baya take zama. Amma da zarar ta riƙe ƙwallo sai ta koma wata daban. Tana tashi sama kamar ba ta da nauyi, kuma ta san inda kowaccenmu take ba tare da ta waiga ba. Ni aikina kawai in kai mata ƙwallo, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Ɗakinmu ɗaya a makaranta, gadonta yana saman nawa.

Mahaifinta manomi ne. Bai hana ta wasa ba, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba. A wurinsa karatu ya turo ta, sauran duk wasan yara ne. Wata rana muna wanki na tambaye ta ko ya san irin yadda ake maganarta a makaranta.

Ta ci gaba da cuɗa rigarta ta ce, "Baba cewa yake yi, mace da girmanta tana bin ƙwallo a guje, me za a kalla a ciki? Ni ba yabo nake so ba, ƙawata. So nake ya gani da idonsa, ko sau ɗaya."

A shekararmu ta biyu koci ya zo mana da labari. Wata babbar kwaleji daga cikin birnin Kano za ta zo mu buga, kuma tare da su za a zo da mutanen da suke zaɓar 'yan wasan jiha. Kowa ya san don wa za su zo. Kyaftin ta tafi gida a ƙarshen makon nan, ta dawo fuskarta a sake. Ta ce ta bi ta hannun mahaifiyarta, kuma Baba ya ce idan Allah ya kai mu zai leƙo.

Ranar Asabar ɗin filin ya cika irin yadda ban taɓa gani ba. Ɗalibai maza da mata, har da masu sayar da rake da awara na bakin ƙofa sun matso. Baƙin sun zo da motarsu, da riguna iri ɗaya da takalma masu kyau. Mu kuwa kowa da irin kambas ɗinta. Muna ɗumama jiki kyaftin tana ta satar kallon hanya. Ana dab da hura usur sai ga wani dattijo a kan tsohon babur, da farar riga wadda kana gani ka san daga ƙasan akwati aka ciro ta. Ya jingine babur ɗin a gindin darbejiya, ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya shigo gidan da ba a gayyace shi ba. Koci da kansa ya je ya tarbe shi, suka gaisa hannu biyu, ya ba shi wuri a kan benci.

Kyaftin ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Ya zo."

Na sha ganinta tana wasa, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. 'Yan birnin sun fi mu tsayi, sun fi mu horo, suka fara da ƙarfi har muka ruɗe. Sai ta karɓi wasan a hannunta. Ta ƙwace ƙwallo a sama, ta ratsa tsakanin mutum biyu ta jefa. Suka sa mata masu tsaro biyu, sai ta koma raba wa 'yar Indabo, ita kuma tana zubawa daga nesa. Kafin hutun rabin lokaci mun kamo su har mun wuce. Mutanen jiha suna ta haɗa kai suna magana suna nuna ta. Ni kuwa dattijon nake kallo duk lokacin da na samu sarari. Da farko ya zauna a takure, hannayensa a kan gwiwa. Can na ga ya miƙe tsaye. Da ta sake jefawa sai na ga yana tambayar ɗalibin da ke kusa da shi wani abu, daga baya yaron ya gaya mana cewa ya yi, "Wannan da ta saka, nawa ake ba ta?"

Bayan an dawo daga hutu ba a daɗe ba abin ya faru. Ni na jefa mata ƙwallon, sama kaɗan, irin yadda take so. Ta tashi ta cafke, ta juya a iska ta saka. Da za ta sauko, ƙafarta ta dama ta faɗa a bakin wata tsaga ta simintin, gwiwar ta karkace ciki. Ina kusa da ita, na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen kara. Ba ta yi ihu ba. Ta dai kwanta a gefe ta riƙe gwiwar, bakinta a buɗe, hawaye suna zuba.

Kafin koci ya ƙaraso, dattijon ya riga kowa. Ya durƙusa a kan simintin da farar rigarsa, ya ɗago kanta ya ɗora a cinyarsa.

"Sannu, uwata. Sannu. Ina ne?"

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Haƙurin me? Yi shiru."

Aka ɗauke ta a a-daidaita-sahu zuwa asibiti, shi yana biye a babur. Mu aka ce mu ƙarasa wasan. Mun ƙarasa, amma jikinmu ne kawai a filin. Suka cinye mu, ba wanda ya damu ya duba allon maki.

A asibiti aka yi hoto aka ce ƙashi bai karye ba, amma a kai ta Kano a duba jijiyoyin. Da aka koma gida, dangi suka ce tunda ba karaya ba ce targaɗe ne, mai ɗori zai iya. Aka ja ƙafar, aka shafa magani, aka ɗaure. Kumburin ya sauka, kowa ya ce an samu sauƙi. Sai dai duk lokacin da ta taka da ƙarfi gwiwar sai ta zame ta kayar da ita. Sai da damina ta wuce aka kai ta Kano. Likita ya ce wata jijiya ce a cikin gwiwar ta tsinke, sai an yi aiki, kuma jan da aka yi da daɗewar da aka yi sun ƙara ɓata wurin. Aikin ya fi ƙarfin gidansu. Makaranta ta ce za ta duba, koci ya yi ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis har ya gaji. Mutanen jiha kuwa tun ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu a kanta ba.

'Yar Indabo suka aiko wa. Ta yi murna kwana biyu, sannan labarin ƙafar kyaftin ya isa gidansu, yayyenta suka ce ba za su zuba ido a mayar musu da ƙanwa gurguwa ba. Haka iyayen sauran suka riƙa janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarshen shekara ba ma cika mutum biyar da ake buƙata a fili. Ƙungiyar ta mutu ba tare da wani ya sanar ba.

Lokacin da take jinya na je duba ta a Utai. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida tana tsince wake, ta rame. Muka yi hirar makaranta, ta tambayi kowa, amma ba ta ambaci ƙwallo ba, ni ma ban kawo ba. Da zan tafi mahaifinta ya taso daga zaure ya raka ni bakin titi. Muna cikin tafiya ya ce, "'Yata, ke da ita kuna tare kullum. Dama haka take yi tun da?"

Na ce, "Haka take, Baba. Tun ranar da na fara ganinta."

Sannan ya ce, "Tun bara take cewa in zo, ina cewa ina da aiki. Utai zuwa Wudil, ina nisan yake? Da na zo tun farko, da na sha kallo." Ya goge fuska da hannun riga. "Mutane suna cewa wai zuwana ne ya sa ta yi abin da ya fi ƙarfinta."

Na ce masa ƙaddara ce, kuma filin ne ba shi da kyau. Ya gyaɗa kai, amma na san maganar ba ta shige shi ba.

Ta dawo ta ƙarasa karatunta tana ɗingishi. Idan za ta je aji sai ta zagaya ta bayan ɗakin karatu don kada ta bi ta gefen filin. Yanzu tana koyarwa a wata firamare, ta yi aure da 'ya'yanta, kuma har yau idan sanyi ya shigo gwiwar tana hana ta barci. Mahaifin ya rasu shekarun baya. Da na je gaisuwa, ƙannenta suka gaya min har ya bar duniya, duk baƙon da ya zauna da shi sai ya ba shi labarin wasan nan, yadda 'yarsa ta gagari 'yan birni. Rabin wasa ɗaya ya gani, shi ya yi ta maimaitawa. Ita tana zaune tana jin su, ta sunkuyar da kai, a nan ne na ga ta yi kukan da ba ta yi ba tun da aka fara zaman makokin.

Ba a taɓa rubuta sunanta a jarida ba, ko hoton wasan babu wanda ya ajiye. Mu da muka gani ne kawai shaida, kuma muna ta raguwa a gari.

Abin da na koya shi ne, baiwa aro ce, ba ta jiran sai mutum ya gama aikinsa. Idan naka yana da abin da ya iya, kuma ya ce ka zo ka gani, ka ajiye fartanya ka je tun yana kan ganiyarsa. Ni yanzu ko karatun allo 'yata za ta biya a gaban mutane, nakan rufe shago in tafi in zauna a gaba.