Yadda Na Kai Taguwata Ingal

Duk Agadas babu wanda ya san iska kamar ni, Ɗanlami baduku. Ina buɗe hanci zan faɗa maka inda ta kwana. Shi ya sa da Nasara suka fara ƙwace raƙuma, na rantse taguwata ɗaya tilo ba za ta ɗauki harsashin kowa ba. Ingal zan kai ta, wurin surukina.

Fita

Kafin kiran assalatu muka fita, ni da abokina Agali, Ba'abzine. Guzuri fura da cuku. Bazara ce, iskar yamma na bugun fuskarmu.

Rijiyar soji

Washegari da la'asar muka hango sansanin sojin Nasara a bakin rijiya a gaba. Agali ya ce, "Mu kewaya nesa, Ɗanlami. Raƙumansu suka ji warin taguwa, mun shiga uku."

Na ce, "Iska daga wajensu take zuwa. Ni na ce ba ta juyawa!"

Ban rufe baki ba hadari ya taso daga gabas, iska ta juyo ta bayanmu. Wani amalen raƙuminsu ya saki kuka. Agali ya ja taguwa ya faɗa kwari, ni kuwa na nufi sansanin ina kururuwa, don a kalle ni.

Kumandan ya fito da mai fassara. "Ina raƙumin da amalenmu ya ji warinsa?"

"Iska ya ji, ranka ya daɗe. Ita ma za ku ƙwace?"

Ya yi dariya, wai ya san ta. Wai rana ke gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama, wata ta taho tun daga teku ta cike gurbinta.

Na ce, "To ta riga ku zuwa daga tekun, kuma ba ta taɓa karɓar akuyar kowa ba."

Bulala na sha, na ja musu guga har hannuna ya zama kilishi. Ban faɗi inda taguwa take ba.

Ingal da komowa

Da suka sake ni, na iske Agali ya kai taguwa, tana tuƙa a gidan surukina. Ya haɗa mini dabino da gishiri, na ɗoro a kai, na tako har Agadas. Godiya ga Allah, godiya ga Agali.

A zaure na fara ba matata Hadiza labarin yadda na kunyata Nasara. Ta dubi kayan, ta dubi ƙafafuna.

"Sannu, Maigida. Taguwa na can tana hutawa, kai ka taho da kaya. To wa aka mayar raƙumi?"