Jarkar da Ake Naɗewa

Sannu-Sannu ake ce masa a filin jirgi, domin ko wa ya kira shi, sai ya gama goge hannunsa da tsumma kafin ya waiwayo. Bakanike ne tun yana saurayi, yana kwance injin jirgi yana ɗaurawa, sai da furfura ta fara leƙo gemunsa sannan ya samu lasin tuƙi. Jirgin da aka ba shi ƙarami ne, mai farfela ɗaya. Aikinsa kai nas da akwatunan magani ƙauyukan bayan dutse, inda wurin sauka fili ne kawai da aka share, babu famfon mai, babu ko rumfa. Man dawowa a jarkokin ƙarfe yake ɗauka, a ɗaure bayan kujera.

Ita kuwa jarka, ko babu komai cikinta ba ta rage girma. Wata rana aka kawo masa wani dattijo da ya karye a ƙugu, dole sai a shimfiɗe za a ɗauke shi. Matar dattijon ta tsaya a gindin fiffike rungume da ƙullin kayanta. Sannu-Sannu ya dubi jarkokin da ya riga ya juye, ya dube ta.

"Iya, hau," ya ce.

Ya sauke jarkokin ya jera su a inuwar bishiya. Da ya sake komawa ƙauyen, ɗaya ta zama kujerar mai gadi, sauran kuwa kowa ya rantse bai gan su ba.

Wannan ne ya kai shi shagon kayan jirgi. Mai shagon ya baje masa jakunkunan mai na roba mai kauri, waɗanda in an juye su ake naɗewa kamar tabarma, ya tura masa mafi girma.

"Ɗan'uwa, wa zai ɗaga min wannan zuwa kan fiffike?" Sannu-Sannu ya tambaya. "Gadon bayan nan nawa ya daina jin magana. Ba ni ƙanana."

Ya tabbatar na fetur ne, ba na ruwa ba, don robar ruwa fetur cinye ta yake yi. Ya bi ɗinkin da yatsa, ya ja hannayen, ya murɗa murfin ya kwance har mai shagon ya gaji ya koma kujerarsa.

A gida, matarsa na ganin kayan ta riƙe baki. "Maigida, yau kuma salka ka sayo mana?"

Ya hura musu iska, ya toshe, ya shafa musu ruwan sabulu yana neman kumfa, sannan ya zauna a kan kowacce a tsakar gida, tana ta dariya har da riƙe ciki.

Saura wari. Shi hancinsa ya daɗe da mutuwa a garejin jirgi, ita kuwa tun daga ƙofa take gane ranar da ya taɓa fetur. Sai ya roƙe ta ta raka shi filin. Ya zuba mai, bai cika su maƙil ba saboda zafin rana, ya kwantar da su cikin jirgin ya rufe. Bayan an jima ya buɗe mata ƙofa, ta sunkuya.

"Ta gefen taga tana wari."

Ashe robar murfin ce ta karkace. Ya canza ta, ta sake shinshinawa, ta gyaɗa kai.

Da jakunkunan nan ya ƙarasa shekarun aikinsa. In ya sauka, ya hau tsani ya juye man a tanki ta abin tacewa, ya naɗe su ya cusa ƙarƙashin kujera.

Sau ɗaya matarsa ta yarda ta bi shi, ranar da babu kaya da yawa. Tun tashi idonta a rufe, tana riƙe da hannun nas tana salati. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ta fito, ta gyara ɗankwalinta, ta dubi filin daga wannan kai zuwa wancan.

"Nan ne kake zuwa kullum? To ai sai ka ce musu su cire duwatsun can."