Sassaƙen Marke don Fararen Ɓeraye

A shekarar ƙarshe ta jami'a a Yamai, malaminmu ya ce kowa ya kawo wani maganin gargajiya daga yankinsu, mu gwada a kan ɓeraye mu ga ko yana cutarwa. Wanda bai kawo ba, babu aikin kammala karatu. Ni na zaɓi sassaƙen marke, wanda kawuna ke ba masu ciwon ciki a ƙauyenmu kusa da Buza.

Markenmu yana cikin kwari, kuma ba mai taɓa shi sai kawu. Haka ya gada. Yakan zuba ɗan gero a gindin, ya sassaƙa gabas da yamma, amma kafin gatari ya sauka sai ya faɗa wa icen sunan marar lafiyar. Bayan haka ya tafi masallaci abinsa.

Na je ƙauye na same shi, muka isa gindin, ya ɗaga gatari, ya ce, "Wa za ni ce, ɗan lakwal?" Haka yake kirana tun da na shiga makarantar boko.

Na ce, "Ɓeraye ne, Kawu."

Ya sauke gatarin. "Irin na rumbu?"

"A'a, farare. A ɗakin gwaji ake kiwonsu. Ana auna musu abinci."

"Mi ke damunsu?"

"Lafiyarsu ƙalau."

Ya daɗe yana kallona. Ni kuma ina kallon takalmina, don nan na saba kallo. Na yi masa bayani a hankali cewa za a dafa sassaƙen, a tace, a busar, a riƙa ɗura musu ta baki, wasu kaɗan, wasu da yawa ƙwarai, a ga ko za su mutu.

"In sun mutu sai a ce icena na kisa."

"Sai a rubuta."

Na ɗauka tafiyata ta tashi a banza. Amma ya juya ga marken ya ce, "Na ɓerayen Yamai ne. Ba su da suna, lahiyarsu lau. Yaron ga ya kawo maganar, ba ni ba." Ya sassaƙa. Sharaɗinsa ɗaya: in faɗa masa duk abin da ya faru.

Kullum da safe ina ɗura musu, ina auna su, ina duba gashinsu da kashinsu. Duk Juma'a kawu ya kira ta wayar maƙwabci ya ce, "Ya masu jiki?" In ce da sauƙi. Har ƙiba suka yi.

A ƙarshen gwaji ana sa musu maganin barci, a buɗe su a duba hanta da ƙoda. Haka ka'idar take. Na yi. Hantar lafiya lau, ƙodar ma haka.

Da kawu ya kira, na faɗa masa.

"To marke bai kashe su ba?"

"Bai kashe su ba."

"Amma sun mutu."

"Sun mutu."

"Wa ya kashe su?"

Na ce ni ne.

"Ka rubuta haka nan, da sunanka."

Na ce sunana na kan bangon littafin da na rubuta na kammala karatu. Ya ce in zo da shi da hutu, mu sauka kwari, in faɗa wa marken da bakina. Na je, da gero a aljihu.